"Ba" Biyun da Aka Sace wa Istifanus Mai Famfo

"Ni da kunnena na ji shi. Ba labari aka ba ni ba."

"To wa ya ce ba ka ji ba? Garin nan akwai wanda bai ji ba? Sau nawa ake sa shi a wuni?"

"Mutum ya zamna da mu shekara talatin, rana ɗaya kyamara ta dube shi, shi ke nan."

"An ce babur suka ba shi."

"Babur? Ni an ce mani hili ne a bayan gari."

"Kai hwa da ƙari! Wane hili? Mutumin da har gobe a haya yake?"

"Ko ma mi suka ba shi, ruwan nan dai da guminmu ya hito. Matso da jarkarka, layi shina tahiya."

A bakin rijiyar burtsatsen Ƙofar Kwaya na ji wannan hira, wata huɗu bayan wani zaɓen shugaban ƙasa na shekarun baya. Ban san masu maganar ba. Amma na san wanda suke ci da rai, don babu gidan da bai shiga ba a unguwar: Istifanus mai gyaran famfo.

Yana ɗan shekara ashirin da huɗu ya zo Katsina daga wani ƙauye a kudancin Kaduna, cikin ma'aikatan wani ɗan kwangila da ya zo shimfiɗa bututun ruwa. Aiki ya ƙare, ɗan kwangila ya naɗe kayansa ya tafi, Istifanus ya ce shi garin ya yi masa. Ya kama ɗaki biyu a Ƙofar Kwaya, ya koma gida ya auro Saratu, malamar firamare, ya kawo ta. A nan aka haifi Blessing da Aaron, a nan suka yi wasan ƙasa. Saratu ta riƙe Hausarta ta gida har yau, amma shi harshensa ya rikiɗe sarai. In ya je Kirsimeti ƙauyensu ya buɗe baki ya ce "shina nan tahe", 'yan uwansa sai su fashe da dariya, su ce Bakatsine ya sauka, a kawo masa fura.

Yana da wata hanyar aiki da ban ga wani da ita ba. In aka kira shi gida an ce ruwa na yoyo a wani wuri da ba a gani, ba ya fara fasa siminti. Sai ya ce kowa ya yi shiru. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe, ya kafa bakinsa a bango, ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, ya bi bangon a hankali kamar likita. Inda ya tsaya ya zana da alli, nan za a fasa, kuma nan za a tarar da ɓarnar. Gidajen da namiji ba ya wuce zaure, shi da sallama ɗaya ake ce masa, "Injiniya ne? Shigo, kowa ya kimtsa."

Amininsa shi ne Malam Sammani tela, wanda shagonsa ke gindin itacen bedi a bakin layi. Kullum bayan la'asar sai sun zauna dara. Sammani na kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma yana kiran Sammani da Malam Zamba, don in ka ɗauke ido kaɗan sai ɗan dara ya yi ƙafa ya koma wani gurbi.

"Malam Zamba, wannan ɗan ba nan na bar shi ba."

"Iska ce, Sarkin Ruwa. Ka san bedi da iska."

Da famfunan unguwa suka yi shekara uku a bushe, mutanen Ƙofar Kwaya suka gaji da jira. Aka yi karo-karo aka ɗauko motar haƙa. Wata tsohuwa ta ba da kusurwar filinta. Magina suka ɗora ginin tanki, mata suka yi ta dafa wa ma'aikata abinci, na coci da na Islamiyya a murhu ɗaya. Istifanus ya yi mako shida bai karɓi aikin kowa ba, yana haɗa bututu, ya jera kan famfo bakwai. Kuma tun kafin ruwa ya fito aka yi wata yarjejeniya. Unguwar rabe take tsakanin jam'iyyu biyu, wa da ƙane ma ba sa shan inuwa ɗaya in kakar zaɓe ta zo, don haka aka ce wannan ruwa ba za a ɗora masa sunan kowane ɗan siyasa ba. Sammani, wanda shi ne shugaban kwamiti, da hannunsa ya rubuta da jan fenti a jikin ginin: BA A LIƘA HOTO. Wasu sun taɓa zuwa da gwangwanayen fenti kalar jam'iyyarsu, suka ce kyauta za su ƙawata tanki. Da tsintsiya mata suka raka su.

Makullin ɗakin inji kuwa aka ba Istifanus. Shi ya san injin, shi ke riga kowa fitowa, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce ga wanda zai zaɓa. Ya ɗaure makullin da igiya a bakin wandonsa. Shekara biyar, ruwa bai taɓa makara ba.

Saura mako biyar zaɓe, wata safiya, farar bas ta tsaya a bakin rijiyar. Maza uku da mace ɗaya suka fito da kyamara. Suka gaida kowa da ladabi, har da durƙusawa. Suka ce shiri suke haɗawa a kan aikin gayya, yadda talakawa ke taimakon kansu, kuma an ce musu duk Katsina babu kamar Ƙofar Kwaya. Wa zai ji wannan bai ji daɗi ba? Aka nuna musu Istifanus. Suka maƙala masa wata 'yar na'urar ɗaukar magana a wuyan riga, suka tsayar da shi gaban famfo, ga layin masu jarka, ga Talatu mai ƙosai tana suya a gefe ita da ƙanwarta Ladi.

Ya yi magana ta kusan rubu'in awa. Ya lissafo sunan tsohuwar da ta ba da fili, da magina, da mata masu girki, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ce an manta da shi. Can wajen ƙarshe matar ta yi murmushi ta ce, "Baba, mu kuwa mun ji an ce mutanen wane ne suka yi muku wannan aiki." Ta ambaci sunan wani ɗan takarar shugaban ƙasa.

Istifanus ya ɗaure fuska. Ya ce, "Ba su suka yi mamu ba. Mu muka yi da hannunmu."

Suka gode, suka ba shi lemon kwalba, suka tafi. Lemon ma Ladi ya miƙa wa.

Bayan kwana goma sha biyu tallar ta fara fita a talabijin. Daƙiƙa arba'in ce. Tana farawa da busasshiyar ƙasa da sarewa mai sa tausayi. Sai kiɗa ya canza, ruwa ya ɓalle daga famfo bakwai. Wata murya mai kauri ta tambaya, "Wa ya share wa talaka hawaye?" Sai ga ɗan takara da jama'arsa suna ɗaga hannu. Sai ga fuskar Istifanus, da muryarsa, da Katsinancinsa:

"Su suka yi mamu."

A ƙasan hoton an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Har sunan ma aiki ya yi musu: ga Kirista a tsakiyar birnin Katsina yana yaba wa mutuminsu, me ya fi wannan daɗin nunawa?

Duk wanda ya ƙirƙiro wannan aiki ya san Hausa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ba baƙon harshe ba ne ya yi kuskure. Wani ne da ya sha Hausa a nono ya zauna gaban na'ura, ya san cewa mu in za mu ƙi abu, "ba" biyu muke kafa masa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma abin da ke tsakaninsu cikakkiyar magana ce mai tsayawa da ƙafarta. Ya cire ta gaba, ya cire ta baya, ya rufe wurin yankan da hoton ruwa na zuba. Bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Ya sa mutum ya yi ƙarya da gaskiyarsa.

A rana ta uku aka kira Istifanus gindin bedi bayan la'asar. Ba dara aka shimfiɗa ba. Mutum ya fi arba'in, har da waɗanda suka fito daga masallaci suka tsaya. 'Yan jam'iyyar da aka yi wa tallar suna ta murmushi a ɓoye, 'yan ɗaya jam'iyyar kamar su ci wuta. Sammani yana cikin na biyun.

"Istifanus," in ji Sammani. Yau babu Sarkin Ruwa. "Tambaya ɗaya ce. Da bakinka ka hwaɗi, ko ba da bakinka ba?"

"Malam Sammani, muryata ce. Amma ba maganata ba ce."

Wani ya yi dariya daga baya. "To aljani ne ya ara?"

"Na ce masu ba su suka yi ba. Ku tambayi wanda ke wurin."

Aka waiga. Waɗanda ke wurin ran nan hankalinsu na kan jarkokinsu da kan kyamara, ba wanda ya riƙe abin da aka faɗa. Abin da suka riƙe shi ne abin da suka ji sau goma sha a wuni. Wani ma ya rantse yana tsaye aka yi, kuma haka ya ji. Ba ƙarya ya yi niyya ba. Talabijin ce ta goge masa tunaninsa ta rubuta nata.

"Mun rubuta kada a liƙa hoto," in ji Sammani, "kai kuma ka ɗauki rijiyar ɗungurungum ka liƙa a goshin wani. Tsohuwar da ta ba da hili tana kwance tana kuka." Ya juya ga jama'a. "Ba laihinshi ba ne. Laihinmu ne, da muka ɗauki makulli muka ba baƙo."

Baƙo. Bayan shekara talatin da huɗu a unguwar. Istifanus ya dube shi kamar yana jiran ya ce iska ce. Bai ce ba. Sai ya sunkuya ya fara kwance igiyar. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya ajiye makullin a kan teburin ɗinki, ya wuce gida.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya je gidan talabijin, aka ce masa su ba sa haɗa talla, a shirye ake kawo musu ita daga wani kamfani. Ya nemi kamfanin, babu ofis a Katsina, lambar da suka bar masa kuma a kashe. Ya je ofishin jam'iyyar, wani mai babbar riga ya rungume shi ya ce, "Baba, ai kai tauraro ne yanzu, zo a ɗauke mu hoto." Da ƙyar ya ƙwace. Aka yi zaɓe aka gama. Ko ɗan takarar ya ci ko ya faɗi, bai taɓa sanin akwai wata Ƙofar Kwaya ba, balle wani Istifanus.

Abin da ya rage a unguwa shi ne shiru. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya jefe shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Mutanen da ke tsayawa su tambayi gajiya, da iyali, da Blessing can wurin aiki, da ciwon ƙafar Saratu, suka koma "sannu" suna tafiya. Gidajen da ake ce masa shigo suka fara kiran wani mai famfo daga Ƙofar Durɓi. Saratu ta daina zuwa rijiyar da mijinta ya haɗa da hannunsa, tana sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Shi kuwa ya fara zancen komawa ƙauye, ƙauyen da ba shi da ko bukka tasa a ciki, inda in ya yi magana ake dariya.

Ranar da na ji hirar nan ta bakin rijiya ban taɓa ganin tallar ba. Na tambaya, aka ce Mudassir mai aski yana da ita a wayarsa, ya ɗauka ne don tsokanar abokan hamayya. Ya kunna mini. Na ce ya sake, na rufe ido. Aikin rediyo ya saba mini da yankan murya, kuma a karo na biyu na ji shi ƙarara. Mutum in ya gama magana, muryarsa sauka take yi ta zauna. Wannan "mamu" ba ta sauka ba. Tana rataye, kamar ƙafar da aka ɗaga za a taka mataki, aka janye matakin. Farkon ma babu jan numfashi, maganar faɗowa kawai ta yi.

Na yi wa mazan da ke shagon bayani. Suka saurara da ladabi. Wani dattijo ya ce, "Malam, wannan sai ku 'yan rediyo. Mu dai mun ji ya ce su suka yi."

Talatu mai ƙosai ce ta leƙo, ta kawo wa Mudassir saƙo, ta tarar ana ta maimaita abu ɗaya da ƙarar waya a ƙure. Ta tsaya. Ta karkata kai.

"Kai, Mudassir, maido baya. Wace ce wannan ke magana can ƙasa-ƙasa?"

Ya maido. A bayan muryar Istifanus, can nesa, wata mace na kira: "…di, miƙo man luda…"

"Ni ce wannan!" Talatu ta dafe ƙirji. "Muryata ce! Sake sawa."

"…di, miƙo man luda…"

"Di? Wace ce Di? Shekara hamsin ina kiran ƙanwata, ban taɓa ce mata Di ba! Kuma mi ne ne luda? Ni Talatu in ce luda in yi shiru? Ina 'yi' ɗin ya tahi? Wane ɗan banza ne ya cinye mani rabin ludayi?"

Shagon ya ɗauki dariya, sai dariyar ta mutu a hankali. Dattijon nan ya ce a sake sawa. Aka sake. Inda "La" ta Ladi ta ɓace, nan maganar Istifanus ta faɗo. Inda "yi" ta ludayi ta ɓace, nan muryarsa ta rataye. Almakashin da ya yanke masa ya haɗa da ita, gaba da baya, bai sani ba.

"Innalillahi," in ji dattijon. "Ashe akwai abin da ya hwaɗi kahin nan, da bayan nan."

Talatu ba ta nemi izinin kowa ba. Ta karɓe wayar Mudassir, yana ihu yana da masu kira, ta shiga gida-gida da ita. Ba ta yi wa kowa bayanin saukar murya ba. Kunnawa kawai take yi ta ce, "Kun san ni. Na taɓa barin magana rabi?" Babu wanda ya taɓa jin ta bar magana rabi. Kafin rana ta faɗi labari ya gama unguwa, har ɗakin tsohuwar da ta ba da fili.

Washegari gaisuwa ta fara dawo da tsawonta. Wasu suka aiko da kira, famfo na yoyo, alhali lafiyarsa lau. Sammani ne kawai ba a gani ba. Kwana uku shagonsa na buɗe, keken ɗinkinsa na ƙara, kansa na sunkuye.

A rana ta huɗu ya zo, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kore kowa daga layi. Ina zaune da Istifanus a ƙofar ɗakinsa. Sammani ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya gaida mu, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya sake tambayar gajiya. Sannan ya zaro wani ƙyalle daga aljihu, ya warware. Makullin ne, an yi masa sabuwar igiya, an kitsa ta da zare kala uku.

"Sarkin Ruwa," ya ce, idonsa a ƙasa, "inji shina wani irin kuka tun watan jiya. Ba wanda ya gane mashi." Ya miƙo makullin. "Kuma abin da ya wuce, a bar shi ya wuce. Sharrin shaiɗan ne da na 'yan siyasa."

Na ga hannun Istifanus ya motsa. Wallahi karɓa zai yi. Kusan wata biyar yana jiran a kira shi da wannan suna, fuskarsa har ta fara sakewa.

Labule ya ɗaga. Saratu ta fito, hannunta da kumfar wanki.

"Baban Blessing, dakata." Ta juya. "Malam Sammani, ina wuni. Ya iyali? Ya Hajiya?"

"Lahiya lau, Maman Blessing."

"Madalla. Masu kyamara ba su san mu ba. Sun zo, sun yi sata, sun tafi, Allah ya isa tsakaninmu da su. 'Ba' biyu suka cire masa a magana. Kai kuwa ɗaya ka ƙara masa, kuma ba inji ne ya sa maka ita a baki ba. Kai ka yanka ragon sunan jikanka ka ce mijina ya riƙe maka ƙafa. Kai ka ɗinka wa Aaron rigar makaranta tun yana aji ɗaya. Ka tashi gaban mutum arba'in ka ce baƙo."

"Ɓacin rai ne, Maman Blessing."

"Na sani. Ni ma yanzu shi ne." Ta goge hannunta a zani. "Ba mu ƙi makulli ba, ba mu ƙi ka ba. Amma nan babu kowa sai mu da kaji. Don Allah, Malam Sammani, mayar da shi aljihunka. In an sauko la'asar, ka tsaya gindin bedin nan, ka bari mutane su taru, ka kira shi da sunansa. Ka faɗa musu da ƙarfi ko shi wane ne a unguwar nan, sannan ka ba shi a hannu kowa na gani."